Gishirin Da Na Ƙara Wa Labarin Kayen Da Na Sha

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, har matata ta ce in na gaji da girgiza wa wasu kai in rubuta nawa su ma su girgiza mini. To ga shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin waɗanda suka san ni a Jidda da sun ji zancen gishiri za su gane, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunana ba zai ƙara musu komai ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ni direba ne a wani gidan ma'aikata a Abhur, can arewacin Jidda a bakin teku. Umra ce ta kawo ni, kamar yadda ta kawo da yawa daga cikinmu. Na yi shekaru ina dako a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ina wasan ɓuya da 'yan sanda, kafin Allah ya haɗa ni da kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, wanda ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Ni mutum ne mai jiki. Idan na shiga tasi, direba kan juyo ya duba ko mu nawa ne muka shigo. Ga kuma baki. Idan na ga kyanwa da safe, kafin azahar ta zama damisa, kafin la'asar ta cinye jaki har da mangala. Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan sauko Balad wurin wani mai shayi ɗan ƙasarmu, inda Hausawa ke taruwa a gindin wani tsohon gini, a bar mini benci guda ni kaɗai. Kowa ya san ina ƙara gishiri a magana, kuma don gishirin suke zuwa. Babban labarina shi ne na kokawa. Gaskiyar magana, na ɗan taɓa kokawa ina saurayi a ƙauyenmu bayan girbi, na kayar da wasu, wasu sun kayar da ni, wani ma har ya zauna a kaina yana gaisawa da jama'a. Amma a wurin mai shayi ni ne gwarzon da bayansa bai taɓa ganin ƙasa ba daga Gobir har Damagaram, wanda makaɗa suka fasa ganguna garin yi masa kirari.

Gidan da nake aiki na wasu injiniyoyi ne 'yan Japan da wani kamfani ya kawo aikin tace ruwan teku. Mai kula da gidan, wanda muke kira mudir, Balarabe ne ɗan gari, ƙanen kafilina, mutum mai sauƙin kai in dai cikinsa a cike yake. Aikina in kai injiniyoyin wurin aiki in ɗauko su, tsakanin nan kuma in kai kukunsu cefane. Wannan kuku shi ne mutumin da nake son ba ku labarinsa. 'Yan Japan ɗin nan duk sirara ne, in iska ta taso daga teku har nakan ji kamar in riƙe musu riga. Sai ga wannan ya fito daga kicin a kaikaice, don ƙofar ba ta ɗaukarsa gaba da gaba. Da ya zauna a gaban mota, motar ta durƙusa ta gaishe shi. Kunnuwansa a cure suke kamar ƙosai, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ga murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar surukai. Ban iya yarensa ba, bai iya nawa ba, sai Larabcin nan na ma'aikata mai ƙafa ɗaya da kowa ke jingina da shi. Na sa masa suna Giwa. Da na kwatanta masa da hannu abin da sunan ke nufi, ya yi dariya har motar ta girgiza, shi kuma yake kirana sadiƙ, wato aboki.

Tukunya ce ta fara haɗa mu. Yana da wata miya da yake yi a ƙatuwar tukunya, kaza da kabeji da albasa da duk abin da ya samu, ga romo mai daɗin da zai sa ka manta da bashin dare. Mudir kansa ya daina tafiya gida cin abincin rana saboda ita. Ni kuwa kwano uku ne sallamata. Wata rana bayan mun ci, ina sana'ar tawa, na bugi ƙirji na gaya masa cewa ni ɗan kokawa ne a ƙasarmu, babba ma kuwa. Sai na ga idonsa ya canza. Ya kama hannuna ya kai ni ɗakinsa, ya sa kaset a bidiyo. Na ga wasu ƙattai tsirara sai bante, kowa da tukku a ka, suna ɗaga ƙafa suna dirawa a cikin wani da'ira na ƙasa, ga dubban mutane sun kewaye su. Na fashe da dariya na ce waɗannan jariran wace uwa ta goya su. Bai ji haushi ba. Ya nuna allon, ya nuna ƙirjinsa, ya ce sunan wannan kokawa sumo, kuma sana'arsa ce tun yana yaro.

A hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, a hanyar kasuwar kifi da hanyar dawowa, na tsinci tarihinsa. Ya ce yana ɗan shekara sha biyar iyayensa suka miƙa shi gidan horo, inda 'yan kokawa ke kwana su tashi a ƙarƙashin maigida ɗaya. Ƙarami shi ke fara tashi, ya yi shara, ya sha duka a fagen horo, ya cuɗa wa manya baya a wanka, ya dafa abinci, ya tsaya a kansu har su ƙoshi, sannan ya ci abin da ya saura a gindin tukunya. A can ya koyi miyar nan. Ya ce sana'ar matakala ce, in nasararka ta fi kayenka a gasa sai a ɗaga ka, in kaye ya fi a sauke ka, kuma akwai wani mataki wanda in ka taka shi ka zama mutum: a yanka maka albashi, a ba ka ɗakinka, a ba ka masu hidima, a ba ka izinin aure. Duk wanda ke ƙasa da wannan mataki, ko ya yi furfura, yaro ne. Shi ya shekara fiye da goma yana hawa yana zamewa, har ya zo daf da matakin, saura nasara ɗaya ya haye. A wannan karawar gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara, ya ce har na bayan fage sun ji. Ya yi jinya, ya dawo, ya sake hawa, gwiwar ta sake tafiya. Daga nan maigidansu ya kira shi ya ce ya isa haka.

Ranar da ya nuna mini akwatin, sai da ya wanke hannu. Wani ɗan akwatin gilashi ne a naɗe cikin kyalle a saman kabad. A ciki akwai tukkun gashi baƙi wuluk, an shafe shi da mai, an ɗaure da farin zare an ƙulle. Ya ce ɗan sumo ba ya aski tun daga ranar da ya shiga har ranar da zai bari. Ranar barin sai a zaunar da shi a kujera, duk wanda ya taɓa taimakonsa a rayuwa ya zo ya karɓi almakashi ya datsi 'yan silalai: mahaifinsa, abokan horonsa, har waɗanda suka sha kayar da shi. Maigida ne ke zuwa ƙarshe ya yanke tukkun gaba ɗaya. Ya ce mahaifinsa bai shekara ba bayan nan ya rasu. Ba shi da kofin gasa ko ɗaya, ba shi da gida, ba shi da mata. Abin da ya fita da shi daga sana'ar ke nan, wannan tukku da gurguwar gwiwa da miya.  Ya ce a duk gidan ni kaɗai ya nuna wa, don ni ɗan kokawa ne, zan gane.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma bakin nan nawa ya yi ta tsokanarsa, kullum ina cewa kokawarsu ture-ture ce kawai, in ya isa ya zo ya gwada ta Hausa. Ya yi ta cewa mafi mushkila, wato ba damuwa, sai wani lokaci. Rannan da yamma, ranar Alhamis, injiniyoyi sun tafi gari, ya ce yalla, wato mu je. Muka zagaya bayan gida bakin ruwa, ya ja da'ira a yashi da bakin ludayi, kowa ya ɗaura ɗamara a kan gajeren wando. Ba kowa a wurin sai mai ban ruwan shuke-shuken gidan, wani Bahaushe ɗan Nijar, wanda shi ma ɗan majalisar mai shayi ne. Kafin mu kama, Giwa ya zura hannu a wata 'yar roba da ya zo da ita daga kicin, ya damƙo gishiri, ya watsa sama a cikin da'irar, ya sa ɗan yatsa a harshe, ya bugi ɗamararsa. Na ga fuskarsa ta yi wani haske kamar yaro ranar sallah. Muka sunkuya. Ban gama bisimilla ba na ji ƙafafuna sun rabu da ƙasa. Ya ɗauke ni cak, ni ɗin nan da ake tausaya wa tayar mota saboda ni, ya kai ni wajen da'irar ya ajiye a hankali kamar mai ajiye kwandon ƙwai. Na ce a'a, wannan dokarku ce, a tamu sai baya ya taɓa ƙasa. Ya ce kwayyis, wato ya yi kyau. Muka sake kamawa, sai ga ni ina kallon sararin Abhur, ina ƙirga tsuntsayen teku. Ya miƙo hannu ya tashe ni, ya kakkaɓe mini yashi, ya rusuna mini. Ko murmushin nasara bai yi ba.

A hanyar komawa kicin na tambaye shi zancen gishirin. Ya ce al'adarsu ce, ana watsawa don a tsabtace fage, kada wani ya ji rauni, kuma girmamawa ce ga abokin karawa. Sannan ya ƙara wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin. Ya ce a babbar gasa manya ne ke da wannan gata a kullum, waɗanda suka taka matakin nan da ya kuɓuce masa. Shi ya ƙare shekarunsa yana riƙe wa wasu tawul yana kallon suna watsawa. Ya ce yau ya watsa nasa, ya gode.

Washegari Juma'a, kafin in isa Balad mai ban ruwa ya riga ni. Ina karyo kwana na ji an ɗauki tafi. Mai shayi ya ce a matsa wa sarkin kokawa, amma a shimfiɗa masa tabarma, don an ce yanzu kwanciya ya fi so. Wani dattijo mai sayar da tasbaha ya ce in juyo ya duba bayan nan da bai taɓa ganin ƙasa ba, ya ji an ce jiya sun gaisa har sun tambayi iyali. Wani ya ce akwai sauran yashi a ƙeyata. Ni da na saba a yi dariya da ni, yau ni ake yi wa. Da na yi dariyar tare da su, da kafin magariba an wuce wurin. Maimakon haka sai na zauna, na karɓi shayi, na kurɓa a natse, na ce su tambayi mai ban ruwa abin da mutumin ya watsa kafin mu kama. Mai ban ruwa ya ce gishiri ne, ya gani da idonsa. Na ce to, ku da kuka san fagen kokawa, kun taɓa ganin wanda ya shiga ba shiri? Namu laya suke ɗaurawa da guru da kambu, nasu kuma gishiri ne. Na ce gishirin na sauka na ji gwiwoyina sun zama kunu, idona ya ga mutum uku, na rasa wanda zan kama. Aka fara jinjina kai. Na ga kasuwa ta buɗe, sai na ci gaba da awo.

Juma'ar da ta biyo aka ce in maimaita, kuma kun san labari ba ya son a maimaita shi tsirara. Na ƙara cewa ba ya dafa naman dabba mai ƙafa huɗu in zai yi kokawa, sai kaza. Wannan gaskiya ne, ya taɓa gaya mini cewa suna camfa shi ne don mai ƙafa huɗu hannunsa a ƙasa yake, wanda hannunsa ya taɓa ƙasa kuwa ya faɗi. Amma ni ban faɗi dalilin ba, na bar su su cike da kansu. Da na ga sun fara sabawa da wannan, sai na sauke murya na ce akwai abin da na gani a ɗakinsa wanda ban so in faɗa ba: gashin mutum a ƙulle da farin zare a cikin akwatin gilashi. Har yanzu in na tuna yadda maganar ta fita daga bakina sumul, ba ko tuntuɓe, sai in ji kunyar kaina. Amanar da mutum ya wanke hannu kafin ya nuna mini, ita na ɗora a faranti don a ƙara mini shayi. A zuciyata wasa nake yi. Na ɗauka kowa ya san ni, kowa zai zubar da rabin abin da na faɗa kafin ya haɗiye.

Na manta cewa wanda ya san ni ne kawai zai rage. Magana kuwa ba ta tsayawa wurin wanda ya san ka. Dattijo mai tasbaha ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa ƙanwarta da ke aikin gida a unguwar Safa, gidan da take aiki kuwa na mudir ne. Kafin labarin ya hau benen nan ya sauya kaya. Yanzu ba a fage ake watsa gishirin ba, a miya ake zubawa, kuma duk wanda ya ci ƙafafunsa za su mutu, ya kasa rabuwa da mai miyar. Ga shi mudir ya daina cin abincin matarsa da rana, ga shi kwanakin nan yana kukan ƙafafunsa na yi masa nauyi. Daga baya likita ya ce ciwon suga ne, amma lokacin ba wanda ya sani. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san kalmar sihiri ba abin wasa ba ce. A gida a yi gulma a watse, a nan kuwa magana ce da ke iya kai mutum inda ba a dawowa da wuri.

Wata safiya na dawo daga kai injiniyoyi, mai gadi ya ce mudir na nemana a ɗakin kuku. Na tarar da ɗakin a hargitse. Mudir na zaune a bakin gado, ga wani surukinsa tsaye, mutum mai zafin rai da ban taɓa gani ba, ga akwatin gilashin a kan tebur kusa da robar ruwa. Giwa na tsaye jikin bango da rigar kicin, hannuwansa a haɗe, yana kallon wannan ya kalli wancan, bai san me ake ciki ba. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya ce sadiƙ, kamar wanda ya ga ɗan'uwa a bakin kotu. Mudir bai ɗaga murya ba. Ya ce an bi sawun magana har an iso kaina, shi kuma ba ya son ya kai bawan Allah hukuma a kan ji-ta-ji-ta. Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, abin da na faɗa a Balad na gani ne ko kuwa. Na duba lamarin. In na ce na gani, an gama da Giwa. In na ce ƙarya na yi, na zama direban da ya ɗaga hankalin iyalin ƙanen kafilinsa da ƙarya, kuma iƙamata a hannunsu take. Na tuna shekarun ɓuya, na tuna yarana a gida. Bakin nan da bai taɓa gajiya ba ya ƙi buɗuwa. Na tsaya ina kallon tayil.

Shirun nawa surukin ya ɗauka amsa ce. Ya ce halas, wato shi ke nan, ba sai an wahalar da ni ba, tsoron mutumin nake ji. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko tukkun, ya fara abin da aka san ana yi wa ƙullin sammu, wato a warware shi ana karatu a jefa a ruwa. Giwa ya yi taku ɗaya, ya ce la, la, wato a'a, a hankali. Mutumin da zai iya ɗaukar mu ukun ya jefa ta taga, sai ya tsaya cak, ya mayar da hannuwansa baya. Zaren ya ƙi kwantuwa, surukin ya sa ɗan wuƙar yankan farce ya tsinke shi. Gashin ya tarwatse a cikin robar, man da ke jikinsa ya taso saman ruwa. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce ya mudir, wallahi ƙarya na yi, kayar da ni ya yi a kokawa na ji kunya, gishirin na kicin ne, ni na sayo shi da hannuna a kantin bakin titi, gashin kuma nasa ne na kansa. Na lalubo kaset na sa musu. Suka ga ƙattai na watsa gishiri a gaban dubban mutane da manyan ƙasa. Na ɗauko wani hoto da ke ƙasan akwatin, ga Giwa a kujera yana hawaye, ga wani tsoho siriri a bayansa riƙe da almakashi.

Mudir ya daɗe yana kallon hoton. Ya juyo ya ce da ni, ya shehu, da ka faɗi haka tun da na tambaye ka. Surukin ya goge hannunsa a jallabiya ya fita ba sallama. Aka kira wani injiniya ya fassara wa Giwa duk abin da ya faru, tun daga bencin mai shayi. Ina kallonsa yana saurare. Bai dube ni ba. Ya tsuguna a gaban robar, da ƙyar saboda gwiwar, ya dinga tsamo gashin da yatsunsa yana shimfiɗawa a kan tawul, sili-sili. Na durƙusa zan taya shi, ya ɗaga hannu kaɗan, na koma.

Ba a kore ni ba. Mudir ya ba Giwa haƙuri, ya ce a bar maganar a cikin gida. Amma ya daina zuwa cin miya, ma'aikatan gidan kuma suka riƙa kauce wa ƙofar kicin, domin ƙaryar da ta yi wata tana yawo gaskiyar wuni ɗaya ba ta kamo ta. Na koma Balad na tsaya a gaban majalisa na warware komai, wasu suka ce ai dama sun san halina, wasu kuwa suka ce ka ji, har asirin mutumin ya sa shi ya janye. Ba a jima ba Giwa ya nemi a mayar da shi gida. Muna zuwa cefane a 'yan kwanakin nan, ba mai cewa uffan, sai dai kullum in tarar da kwanona a rufe a inda ya saba ajiye mini. Wannan kwano ya fi mari ciwo.

Ni na kai shi filin jirgi, da yake ni ne direba. Na shirya jawabin ban haƙuri mai tsawo, amma Larabcin nawa ya tsere, abin da ya rage kawai shi ne in ce ni mugun aboki ne. Muka isa, na tsayar da mota. Sannan ya zura hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙullin leda, ya buɗe, ya ce in ɗanɗana. Na ɗanɗana. Ya tambaye ni mene ne, na ce gishiri. Ya ce ƙafa lafiya? Na ce lafiya. Sai ya yi ɗan murmushi, karo na farko tun ranar robar nan, ya ce bari ya gaya mini abin da ya kayar da ni, don ɗan kokawa ya kamata ya san dalilin kayensa. Ya fito daga mota, a gaban matafiya da masu tura kaya, ya miƙe ya banƙaro ƙirji ya ɗaga haɓa, ya ce ga yadda na tsaya. Sannan ya sauke ƙugunsa ƙasa, gwiwar na ƙara, ya ce ga yadda ake tsayawa. Ya ce ina da ƙarfi, ƙarfina ma ya ba shi mamaki, amma na cika son tsayi. Wanda ya fi yin ƙasa shi ke ɗaga ɗan'uwansa. Ya rusuna mini kamar yadda ya yi a bakin teku, ya ɗauki jakarsa ya shiga. Ban sake jin labarinsa ba. Ban ma san ko ya sami wanda ya sake ɗaure masa tukkun ba.

Yau shekaru sun ja. Ina nan da tumbina, ina nan da barkwancina, don mai hali ba ya fasa halinsa, kyanwata har gobe takan zama damisa. Amma na sa wa kaina doka: in zan ƙara gishiri, a kaina zan ƙara, ba a kan wani ba. Labarin da aka fi so in bayar yanzu shi ne na ranar da aka ɗauke ni kamar kwandon ƙwai, kuma na lura dariyar da ake yi ta fi ta da, ni ma da ni ake yi. Ashe abin da na guda bai kai cizon sauro ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu bakin ba da labari, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane. Majalisarka ta san ka, ta san inda za ta rage, amma matar wani a wani bene ba ta san ka ba, kuma yadda ka auna haka za ta dafa. Kada ka jingina wa mutum asiri don ka kare girmanka, ko da wasa, balle baƙon da ba shi da harshen kare kansa. In ka ga al'adar da ba ka gane ba, tambayi mai ita, in ya gaya maka kuma ka riƙe yadda ya faɗa. In an tambaye ka gaskiya, faɗe ta a tambayar farko, domin ni tsakanin tambaya da amsata ba a fi shan kofin shayi ba, a nan aka tsinke zaren. In kuma an kayar da kai, ka tashi ka kakkaɓe yashi ka ce an kayar da ni. Ni na ƙi yarda bayana ya taɓa ƙasa sau ɗaya, sai na sa mutumin kirki ya tsuguna da gurguwar gwiwa yana tsintar shekarunsa a cikin roba.